FILIN KIWON LAFIYA: Kwanan Daji Da Ƙwarin Da Ke Jiran Matafiyi

A wannan wata za mu yi magana ne a kan kwanan daji, da irin ƙwarin da ke cizo ko harbin wanda dare ya riska a waje. Maganar ta shafi kowa, har da masu zuwa taron Maulidi a Prang da masu tafiya gona, amma ta fi shafar 'yan'uwanmu na Magazin ɗin Suame, watau makanikai da direbobin manyan motoci, da yaran da ke koyon aiki a hannunsu.

Kwanan daji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sunan da ake kiran unguwanninmu ma, watau Zango, ma'anarsa ke nan, wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga neman goro, watanni suke yi a hanya, kuma zaɓen wurin sauka aikin madugu ne, ba a bar wa yara ba.

A yau babu ayarin jakuna, sai manyan motoci masu ɗauko albasa daga Nijar, da tumatir da shanu daga Burkina Faso, da doya daga Ejura da Atebubu. Idan ɗaya ta lalace tsakanin Kintampo da Buipe, ko tsakanin Walewale da Bolga, Magazin ake nema. Masta zai ɗauki yaro ɗaya ko biyu, su je su kwance giyabos ko aksul, sa'an nan shi ya dawo Kumasi neman kayan gyara, a bar yaron shago da yaron mota suna gadi. Wani lokaci kwana 3, wani lokaci mako guda. Abin da ake bar musu bai wuce kuɗin abinci da kwalin da za su shimfiɗa a ƙarƙashin mota ba.

To, abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, ƙwaron da ya fi zafi ba shi ne ya fi kisa ba. Duk wanda ka tambaya a Magazin abin da yake tsoro a daji, kunama zai fara ambata. Amma ita kunama, galibi kukan dare ɗaya take sa babban mutum, sauro kuwa da ba a ko jin saukarsa shi ke kai mutane kushewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka da shi za mu fara.

SAURON DARE

Macen sauro ce ke cizo, domin sai ta sha jini ƙwanta ke nuna. Irin da ke ɗauke da zazzaɓin maleriya, wanda masana ke kira Anofilis, yana fitowa ne daga magariba zuwa asuba, daidai lokacin da yaro ya gaji, zafi ya dame shi, ya tuɓe riga ya kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutane miliyan 263 suka kamu da maleriya, wajen 597,000 suka rasu, kuma mafi yawansu a nahiyarmu ta Afirka.

Wayon wannan ciwo shi ne ba ya nuna kansa nan take. Sai bayan kwana 7 zuwa 15, ko fiye, zazzaɓi ke tasowa. Yaro zai dawo Suame lafiya lau, ya ci gaba da aiki, sai mako na biyu ya fara rawar ɗari da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. A lokacin an manta da kwanan dajin, sai a ce gajiya ce, wani mastan ma ya ce lalaci ne. Ka'ida a nan ɗaya ce: duk wanda ya yi zazzaɓi bayan ya kwana a hanya, a kai shi a yi masa gwajin jini a ranar. Ɗigon jini ɗaya ake ɗauka a yatsa, cikin minti 20 an ga sakamako. Tun shekarar 2004 Gana ta sauya daga kulorokwin, domin ƙwayar cutar ta daina jinsa. Maganin da ake bayarwa yanzu na kwana 3 ne, kuma wajibi ne a shanye shi duka ko da an ji sauƙi a rana ta farko. Idan kuwa aka ga amai ba tsayawa, ko sambatu, ko jijjiga, ko fitsari ya yi baƙi kamar shayi, to maganar ta wuce shagon magani, sai asibiti cikin gaggawa.

Wasu za su ce ai an samo allurar rigakafi. Gaskiya ne. A 2019 aka fara yi wa yara allurar RTS,S a Gana da Kenya da Malawi, bayan gwajin da cibiyoyin bincike na Kintampo da Agogo suka shiga ciki, kuma a watan Afrilu na 2023 Gana ta zama ƙasa ta farko da ta amince da ta biyu mai suna R21. Amma waɗannan allurai na ƙananan yara ne. Saurayin da ke gadin mota ba shi da kariyar da ta wuce gidan sauro. A tuna kuma, wannan sauron shi ke yaɗa ciwon tundurmi da gwaiwa a ƙasashenmu.

SAURON RANA

Akwai wani sauro baƙi mai ratsin fari a ƙafafu, wanda shi da safe da kuma la'asar yake cizo. Shi ke yaɗa ciwon shawara da zazzaɓin dengi. Ba ya bukatar fadama kafin ya hayayyafa, ruwan sama da ya taru a tsohuwar taya ko gwangwani ko buɗaɗɗen duro ya ishe shi. Duk wanda ya zaga Magazin da damina ya san ba sai mun je daji neman wannan sauro ba, da hannunmu muke kiwonsa. A huda tsofaffin tayoyi ko a rufe su, a kife gwangwanaye.

Kada a ɗauka shawara ciwon zamanin da ne. Ita ta kashe masanin nan ɗan Japan, Dokta Hideyo Noguchi, a Ankara babban birninmu a 1928, wanda aka sa wa cibiyar bincike ta Legon sunansa. A watan Oktoba na 2021 ta ɓarke a yankin Savannah, wajen Damongo da Daboya, kuma kafin ƙarshen Nuwamba ta kashe mutum 35, yawancinsu makiyaya da ba a taɓa yi musu allura ba. Allura ɗaya tak ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Direban da ya sayi katin nan rawaya ba tare da an yi masa allurar ba, jami'in kan iyaka ya yaudara a Paga, bai yaudari sauro ba.

ƘUDAN BAKIN KOGI

Idan mota ta lalace kusa da kogi, yara murna suke yi, ga wanka ga wanki. To a nan wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai ƙusumbi yake, wanda ke ƙwai a inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, kamar wasu sassa na kogin Pru da Baƙin Volta. Da rana yake cizo, galibi daga gwiwa zuwa ƙasa, ya bar ɗigon jini da ƙaiƙayi. Shi ke sa wa mutum tsutsar da ke kawo makantar kogi. Uwar tsutsar tana iya rayuwa shekara 10 zuwa 15 a cikin wani ƙululu a ƙarƙashin fata, 'ya'yanta kuwa su bazu, su kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, daga baya su taɓa ido.

Dattawanmu sun ga ƙauyukan bakin Volta da mutane suka gudu suka bari, sun ga yara na yi wa iyayensu jagora da sanda. A 1974 aka kafa babban shirin yaƙi da cutar mai hedkwata a Wagadugu, aka riƙa fesa magani a koguna da jiragen sama har zuwa 2002. Daga 1987 kuma kamfanin Merck ya fara bayar da ƙwayar Mectizan kyauta. A watan Janairu na 2025 Jamhuriyar Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da cutar. Mu a Gana da sauran aiki. Cizo ɗaya ko biyu ba ya makantar da mutum, sai wanda ya yawaita shekara da shekaru. Don haka mai yawan aiki a bakin kogi ya sa dogon wando da safa, kuma idan ma'aikatan lafiya sun zo rabon ƙwayar kada ya ƙi karɓa.

ƘUDAN TSANDO

Wannan ƙuda shi ya hana jakuna da dawakin fatake jure wa kurmin Asante, shi ke sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a arewacin ƙasar nan a shekarun 1930. Alhamdu lillahi, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ciwon barci ya daina zama barazana ga lafiyar jama'a a Gana. Amma ƙudan yana nan, musamman a kurmin bakin rafi da dajin Mole, kuma cizonsa kamar an soka maka allura ne, yana ratsa riga mara kauri. Yana bin mota mai tafiya, kuma launin shuɗi da baƙi ke jawo shi, watau daidai launin rigar aikin yawancin makanikai. Wanda zai yi aiki a irin wannan wuri ya nemi kaki mai kauri.

KUNAMA

Yanzu mu zo ga wadda kowa ke tsoro. Baƙar nan ƙatuwa da muke kira duwu, wadda ake samu a kurmi, tsawonta kan kai santimita 20, amma dafinta ba shi da ƙarfi. Ƙaramar nan mai launin ƙasa ko rawaya, mai siraran hannuwa, da ake samu a arewa, ita ce mai azaba. Can cikin hamada kuwa, wajen Agadas, akwai irin da ke kashe yara. Kunama da dare take yawo, da rana ta ɓuya a ƙarƙashin dutse ko itace ko cikin takalmi. Makaniki ya fi gamuwa da ita lokacin da ya sa hannu zai ɗauko dutsen da zai tare taya, ko zai sa takalminsa da asuba. A fara ture dutse da ƙafa mai takalmi ko da ƙarfe, a kakkaɓe takalmi da riga da tabarma, kada kuma a fita kewaya da dare ba tocila.

Idan ta yi harbi, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi, a sha farasitamol. Kada a tsaga wurin da reza, kada a tsotsa, kada a ɗaure gaɓar tamau. Muna kuma roƙon 'yan'uwa makanikai da su daina zuba man birki ko fetur ko ruwan batir a kan harbi ko rauni. Waɗannan ba su kashe dafi, fata suke ƙonawa, su bar mutum da gyambon da ya fi harbin daɗewa. Babba galibi yana samun sauƙi cikin kwana ɗaya. Amma ƙaramin yaro, ko duk wanda ya fara gumi mai yawa, ko dalalar da yawu, ko amai, ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti.

ZUMA DA RINA

Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi. Ƙudan zuman ƙasashenmu yana da saurin fushi, kuma rugugin inji da hayaƙi da bugun guduma suna tayar da shi. Kafin a fara aiki a inuwar babbar bishiya a ɗaga kai a duba. Idan suka taso, a rufe fuska da riga a ruga a guje, a shiga kan mota a rufe gilashi. Kada a tsaya ana kore su da hannu, kada kuma a faɗa ruwa, domin za su jira mutum ya ɗago kai. Ƙudan zuma yana barin ƙarinsa a fata da jakar dafin tana ci gaba da tsiyaya, saboda haka a kankare shi da farce ko bakin wuƙa nan da nan. Rina da zirnaƙo ba su barin ƙari, kuma ɗaya na iya harbi sau da yawa.

Haɗarin iri biyu ne. Akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar dafin, harbi ɗaya ya isa ya kumbura musu leɓe da harshe da maƙogwaro, numfashi ya toshe cikin 'yan mintoci. Maganin wannan allurar adiranalin ce, kuma a asibiti take, don haka ba a jira. Na biyu, wanda ƙudaje da yawa suka taru a kansa, dafin na iya taɓa masa ƙoda ko da ya ga kamar ya warware. Shi ma likita ya duba shi.

KASKA DA SAURANSU

Masu ɗauko shanu da masu gyaran motocinsu su kula da kaska. Wani bincike da aka buga a 2016 ya gano ƙwayar cutar zazzaɓin nan mai sa zubar jini, da ake kira Kirimiya-Kwango, a jikin kaskar dabbobin da aka kawo mayankar Kumasi. Idan kaska ta maƙale a jiki, a kama ta dab da fata da hantsaki ko ƙaramar filaya, a ja a miƙe sannu a hankali. Kada a ƙona ta da taba, kada a murƙushe ta da farce.

Kwarkwasa da damina take tafiya rundunarta. Wanda ya ga layinta ya ɗauke shimfiɗarsa ya bar mata wuri, ba a jayayya da ita. Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai laima da tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Tsutsarsa tana shiga fata ta yi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, mutum ya riƙa jin motsi a ciki. A shafe ramin da basilin, za ta leƙo neman iska a matse ta. Rigakafinsa shi ne shanya a kan igiya cikin rana, da guga idan an samu hali. Kuɗin cizo na ɗakunan kwana a tasha yana hana barci, amma ba a san shi da yaɗa cuta ba, sai dai a kula kada a kwaso shi a jaka a kai gida.

ABIN DA YA KAMATA A TAFI DA SHI

Babu makanikin da zai tafi gyara ya bar sifana da jak a shago. To a ƙara waɗannan a akwatin kayan aiki: gidan sauro mai magani, tabarma ko tamfol, tocila, man shafawa mai korar sauro irin mai sinadarin DEET, riga mai dogon hannu, safa da rufaffen takalmi, sabulu, da farasitamol. Ma'aikatar lafiya tana rabon gidan sauro kyauta lokaci lokaci, kuma ko saye za a yi, kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a shiga. Ana iya ɗaure shi a jikin ƙarfen mota, a cusa bakinsa a ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe.

A zaɓi wurin kwana tun da sauran rana. A nisanci fadama da doguwar ciyawa da tarin duwatsu da tsohon itace, a share wurin tas. Kada a kunna maganin sauro na hayaƙi kusa da tankar mai, kada kuma a kwana a kan mota a rufe ruf da inji a kunne ko da gawayi a ciki, domin wannan hayaƙin ya fi sauro saurin kisa. A san asibiti mafi kusa tun kafin bukata ta taso: akwai Holy Family a Techiman, akwai asibitin gwamnati a Kintampo, akwai babban asibitin Tamale da na Bolga, a gida kuma ga Komfo Anokye da Manhyia da Tafo. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112. Katin inshorar lafiya ya kasance da ransa, kuma a aljihu.

A ƙarshe muna kira ga mastocinmu na Magazin da masu motoci. Yaron da aka kawo maka koyon aiki daga Aboabo ko Asawase ko Bawku amana ce iyayensa suka ba ka, kuma shi ba zai iya buɗe baki ya ce maigida a saya mini gidan sauro ba. Kai ne madugun wannan ayari. Kafin ka juya ka bar shi a bakin titi, ka duba inda zai kwanta da abin da zai rufa, ka bar masa waya mai caji da kuɗin mota zuwa asibiti. Idan ya dawo, ka sa masa ido har mako biyu. Shugabannin ƙungiyoyin makanikai da na direbobi su ma ya kamata su sa wannan magana a taronsu, domin rigakafi ya fi magani, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

A nan za mu dakata. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai samu dama ba, musamman yaran shago. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.